Gambo Ya Je Neman A'a

Gambo Bamaguje ne, manomin rake a wani ƙauye bayan Saulawa. Duk abin da ya sa wa hannu yana yin kyau, ban da aure. Matarsa Azumi ta gaji da baƙar zuciyarsa, ta ɗaure kwanukanta ta koma gidan ubanta a Likoro. Dattawa suka raba auren, kowa ya huta.

Shekarar da aka samu 'yancin kai ya shiga Katolika, aka yi masa baftisma. A coci ya ga Lantana, ya so ta son da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya je wa Fada, limamin cocin, da maganar aure.

Fada ya ce a bi a hankali. Auren da dattawa suka kashe, a wurin coci yana nan da ransa. Amma tunda Azumi ba ta da baftisma, sai a je a tambaye ta gaban shaidu ko za ta dawo su zauna lafiya. In ta ce a'a, ya auri Lantana.

Gambo ya yi dariya. Matar da ta rantse ko gawarsa ba za ta leƙa ba? Sada, malamin coci, ya ce bari ya je shi kaɗai. Ina! Sai gogan ya je da kansa ta ga abin da ta yi asara. Ya sa sabuwar riga, ya hau sabon keke, ya ɗauro mazarƙwaila, don ba a shiga gidan surukai hannu rabbana. Suka kama hanya shi da Sada.

To mutumin da ya zo haka, me ya zo yi in ba biko ba? Kafin Sada ya gama gaisuwa, mata sun rangaɗa guɗa.

"Madalla, ɗana," in ji uban Azumi. "Ka daɗe, amma ka zo da mutunci."

Sada ya yi tambayarsa. Azumi ta dubi rigar, ta dubi keken, ta sunkuyar da kai.

"Malam, tunda Baba ya yarda, ni wace ce?"

Gambo ya ɗauko ta a bayan keken, yana hawaye, mutanen hanya suna cewa murna ce.

Tare suka tsufa. Duk ranar wa'azin aure Fada kan sa su miƙe jama'a su ga misali. Gambo ya miƙe, idonsa a ƙasa, don kada ya ga Lantana a sahun mata, goye da ɗan wani.