Mohigul da Cikakken Kofin Shayi

Har yau, idan aka ɗora buta a cibiyar binciken ƙasar noma ta birnin Urganch, sai wani ya tuno ranar da Mohigul ta shanye korar da aka yi mata, ta kuma miƙa kofi a ƙara.

Lokacin ba ta daɗe da gama digiri na biyu ba, ta ji an buɗe gurbi guda na ƙaramin mai bincike. Ta shiga ofishin shugaban cibiyar, Farfesa Ruzmetov, da jaka cike da ƙullin ƙasa, wadda ta ɗebo a gonakin audugar ƙauyensu da gishiri ya mayar fari fat. So take ta gano maganin abin, kuma babu inda ake da kayan awon sai nan. In ta rasa gurbin, sai shagon yayanta a Tashkent, sayar da labule.

Shi kuwa Farfesa ya riga ya zaɓi ɗalibinsa a zuci. Mutum ne mai kara, bakinsa ba ya iya furta a'a, sai ya ɗauki butar shayi ya cika mata kofi har baki. A ƙasarsu, ko yaron goye ya san fassarar wannan. Baƙon da ake so ya daɗe, ɗan kaɗan ake zuba masa, ana yi ana ƙarawa. Wanda aka cika wa, an ce da shi sha ka kama gabanka.

Mohigul ta karɓa da hannu biyu. "Allah ya saka, Malam, kamar ka san da ƙishi na zo."

Tana hura shayi tana kwance ƙulli, tana bayanin gonar da kowanne ya fito. Da ta shanye ta miƙa kofin. Farfesa ya dubi agogo, ya sake cikawa har yana zuba. Ta sake godiya.

"'Yata, motar ƙauyenku ba ta tashi da wuri ne?"

"Akwai ta yamma, Malam. Dubi wannan, ta bakin rafi ce."

Ba ta sami aikin ba. Ba ta kuma tafi sayar da labulen ba. Ta kama koyarwa a makarantar ƙauye, kowane hutu ta ɗauro sabbin ƙulli ta nufi ofishin. Sakatariyar Farfesa ta lura shayin da yake zuba mata yana raguwa a hankali, har ya koma rabin kofi, Farfesa kuma ya fara sa tabarau in an kwance ƙulli. Da aka sake buɗe gurbi, ta zauna gaban kwamiti kamar kowa, ta amsa tambayoyi. Ranar da sakamako ya fito da sunanta, shayin da Farfesa ya zuba mata ko makurwa biyu bai kai ba.

Yanzu ta yi furfura a wurin, gishirin bai gama saduda ba, ita ma haka. Abokin aikinta Jumaniyoz ba ya gajiya da tsokanarta.

"Yaya Mohigul, wai duk karatun nan, a ce ba ki gane korar ki ake yi ba?"

Ta kurɓi shayi ta dube shi.

"Ni ce mai zuba wa baƙi shayi a gidanmu tun ina ƙarama, ƙanena. Sarai na gane. Amma cikakken kofi ya fi daɗewa bai huce ba, kuma ba a tashin baƙo da shayi a hannunsa."