Jan Fenti a Kan Kore

Mu kanikawa kowa da launin fentinsa. Sifana, guduma, jak, duk ƙarfen da ka mallaka sai ka ɗiga masa fenti, domin kayan aiki yawo suke yi daga rumfa zuwa rumfa, kuma da yamma kowa yana son nasa su dawo gida. Nawa ja ne tun ranar da aka yaye ni. Na ƙanena kore ne. Ba ciki ɗaya muka fito ba, wurin oga ɗaya muka yi koyo a Funtua, na riga shi da shekara huɗu, kuma ni na nuna masa yadda ake riƙe sifana. Har yau Yaya yake ce mini. Rumfarsa tana tsallaken titi, daidai saitin tawa, ko ban so ba ina ganin duk abin da yake yi.

A wancan lokacin, in ana maganar bol-join a layinmu, ni ake nufi. Bol-join ita ce gaɓar da ƙafar mota take juyawa a kanta, kamar gwiwar mutum, kuma hanyoyin ƙauyukanmu cinye ta suke yi. Da kaka a lafta wa a-kori-kura masara daga Dandume ko bayan Bakori, kafin sati biyu ka ji ƙafa tana ƙwas-ƙwas. Da guduma da guntun bututu muke fitar da tsohuwa mu sa sabuwa, ni kuwa na iya. Duka uku, in ta yi taurin kai huɗu. Direbobi sukan ajiye shayinsu su zo kallo, kuma ba zan ɓoye ba, in na ga an taru nakan ƙara ɗaga gudumar sama fiye da yadda aikin yake buƙata.

Sai ƙanen nan nawa ya je Kano ya dawo da wani baƙin akwatin roba. A ciki akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kaurin zare, da kofunan ƙarfe manya da ƙanana. Firas ake ce masa. A kafa shi a kan gaɓar, a riƙa murɗawa da sifana, bol-join ta zame ta fito ba duka ba hayaniya. Ranar farko dariya na yi, na ce kayan ragwaye ne. Amma ina faɗa ina leƙe. Yana tsugune yana murɗawa da hannu ɗaya, yana hira da mai motar, ko gumi bai yi ba.

Direbobin nan masu shan shayi suka koma tsallake da kallonsu. Ba wai aiki ya yanke mini ba ne, ina samun abin kai wa gida. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda na koya wa riƙon sifana yau shi ake zagayewa. Ƙyashi na yi, ƙyashi sosai, irin wanda ko gaisuwarsa in ya ɗago hannu sai in yi kamar ina neman wani abu a ƙasa.

Na kai maganar gida, na ce wa maiɗakina zan sayi nawa. Sayen kuwa yana nufin in fitar da masarar da na noma tun da kaka, lokacin da ba ta da daraja. Ta ce, “Maigida, sau nawa za ka yi aiki da shi a wata? Ka tsallaka ka aro mana, ba ƙanenka ba ne?” Na ce ita ba ta san sha'anin maza ba. Ta ce ta sani sarai, shi ya sa take tsoron masarar.

Ina cikin wannan saye ko kada a saya, sai wani Alhaji mai fataucin hatsi ya zo. Shekara da shekaru ni nake duba motocinsa, kuma inda ya kai mota nan sauran 'yan kasuwar hatsi suke kai tasu. Ya kawo wata sabuwa da ya saya, ƙafar gaba tana kuka. Ya ce, “Injiniya, wannan kada ka sa mata guduma, an ce ƙarfenta tsagewa yake. Kana da na'urar nan, ko in tsallaka?”

Na ce, “Ina da ita, Alhaji. A kawo gobe da safe.” Bakina ne ya riga ni.

Bayan la'asar na zagaya ta bayan masallaci na ɓullo rumfar ƙanena, don kada a ga na tsallaka. Na ce haya nake so, kwana biyu. Ya ce, “Haba Yaya, ni in karɓi kuɗinka? Ɗauka kawai.” Na ƙi. Aro alfarma ce, ni kuwa ban zo neman alfarma ba. Na cusa masa kuɗin a aljihu, na naɗe akwatin a buhu kamar mai ɗauke da abin kunya.

Da na buɗe shi a gida sai na ga abin da ban yi tunani ba. Kowane ƙarfe, har ƙaramin kofi, da ɗigon korensa. Alhaji ya daɗe yana zama a bencina, ya san launin kowa a layin. Na daɗe ina kallon ɗigon nan. Daga nan na ɗauko gwangwanin jan fenti na bi su ɗaya bayan ɗaya na rufe. Na ce wa kaina ai jibi zan wanke. Amma na san abin da na yi. A sana'armu wanda ya shafa fentinsa a kan na wani suna ɗaya gare shi, ɓarawo, kuma in aka faɗa sau ɗaya a layi, ba mai sake ba ka aron ko noti.

Washegari na kafa firas a ƙafar motar. Abin haushi, daɗin aiki gare shi. Ina murɗawa gaɓar tana tafiya sumul, Alhaji yana kan benci yana cewa, “Ashe kai ma ka waye, Injiniya.” Ina cikin jin daɗin nan na ga ƙafafu sun tsaya kusa da ni. Ƙanena ne. An kawo masa aikin gaggawa, ya zo ɗaukar kofi ɗaya da ba na amfani da shi.

Ya gaida Alhaji, ya tsuguna, ya ɗauki kofin ya juya shi. Fentin bai gama bushewa ba, ya manne masa a babban yatsa, koren ya leƙo ta ƙasa. Ya kalli yatsan, ya kalle ni. Sifanar hannuna ta yi mini nauyi. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta tona mini asiri, ko ma dariya kawai.

Ya goge yatsan a wandonsa ya ce, “Yaya, in ba ka aiki da wannan, a taimaka a ara mini. Yanzu zan dawo da shi.”

Alhaji ya yi dariya ya ce, “Kai, ashe har yanzu wurin yayanka kake aro?”

Ya ce, “Ai duk abin da na iya a wurinsa na samo, Alhaji.” Ya tsallaka da kofinsa. Bayan rabin awa kuma ya dawo da shi, har da godiya.

Da yamma na zauna da fetur da tsumma. Jan ya fita, koren ma ya bi shi, ƙarfen ya koma ba alamar kowa. Na ɗauki akwatin na tsallaka titi, wannan karon ta gaba. Yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai nake gani. Na shirya magana tun daga rumfata, amma kafin in buɗe baki ya ce, “Ajiye nan, Yaya. Sannu da aiki.” Bai fito ba, kuma na san don kada mu haɗa ido ne.

A satin na sayar da masarar na sayi nawa. Alhaji bai bar ni ba. Na ɗauka ƙyashin zai tafi tunda yanzu ni ma ina da akwatin, sai ya ƙi. Na san kaina. Da ni aka yi wa abin da na yi, da kafin azahar na tara layin nan kaf, na ɗaga kofin sama kowa ya gani. Shi kuwa har yau bai faɗa wa kowa ba, ni ma bai taɓa tayar mini da maganar ba. Yana ɗago mini hannu kowace safiya, ina amsawa, kuma har yanzu ban iya yafe masa wannan rufin asirin da ya yi mini ba.