Inna Mai Kwafi da Kwalayenta Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe shago. Ta share ƙofa, ta goge gilashin injin kwafi da tsumma, ta kunna shi ya yi ɗumi. Kafin mutum na farko ya shigo sai ta duƙa ta leƙa kwalayen da ke ƙarƙashin kantar shagon, ta ga ko gara ta kai musu ziyara. Shekara ashirin da bakwai ke nan Inna Mai Kwafi tana haka. Ƙarshen watan nan za ta miƙa wa ɗiyarta makulli, gwiwa ta ƙi tsayuwa.

Kwalayen cike suke da littattafan labarin zane, irin wanda mutum ke zanawa da biro a ɗakinsa, ya kawo a buga masa kwafi ashirin, ya raba wa abokai, shi ke nan a manta. Duk wanda ya kawo, sai Inna ta roƙi ya bar mata ɗaya. Ta rubuta sunansa da sana'arsa a bayan bango, ta sa a leda. Akwai na wani mai walda da bai iya zana yatsu ba, don haka duk mutanensa hannu a aljihu suke. Akwai na wata ma'aikaciyar jinya, shafi takwas kacal, labarin kyanwar asibiti. Kuma Inna ba ta yabon ƙarya. Ni kaina ta taɓa ce mini, "Ɗana, labarin ya yi daɗi, amma wannan akuyar taka kare ce."

Bara ina shagon, sai wata mata ta shigo riƙe da mahaifinta, tsohon direba. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana da hannun dama.

Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. Duk ranar da za mu asibiti sai Baba ya yi ta nuna shagon nan. Ban san me yake nema ba."

Inna ta ƙura masa ido, ta ce, "Direba, kai ne? Mai labarin motar da ba ta da birki?"

Ta jawo kwali na huɗu, ta zaro littattafai uku. Tsohon ya ɗora yatsa a kan wani shafi, ya yi dariya har da hawaye. Ɗiyar ta tsaya baki buɗe, domin ba ta taɓa sanin ubanta yana zane ba. Nasa sun lalace tun tana goye, shekarar da ruwa ya ci ɗakinsu. Inna ta buga wa kanta kwafi, ta ba su waɗanda ta ajiye. Na ji yanzu yana gwada zane da hagu.

Inna, ke ce ma'ajiyar waɗanda babu jaridar da ta taɓa buga sunansu. Ba wanda ya sa ki, kuma mijinki ya sha cewa kwalayen sun cinye wurin ajiye takarda. Mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya sassauta gwiwa.

Mu kuma, in akwai mai zane a gidanmu, mu zauna mu karanta abin da ya yi tun yana raye, mu gaya masa shafin da ya ba mu dariya.