Wayar Keke a Bakin Zanen Inna

Mun bar unguwarmu ta Badariya ana idar da sallar asuba, ni da ƙanena da mahaifiyarmu, Inna. Tafiyar tata ce, mu 'yan rakiya ne. Yayarta tana kwance a ƙauyenmu na bakin gulbi, gaba da Argungu, kuma rabon su da ganin juna shekara tara, tun da muka ɗauko Inna zuwa Birnin Kebbi bayan rasuwar Baba. Idon Inna ya yi rauni, yayar ba ta iya tashi. Makon jiya aka aiko cewa jikin ya tsananta, Inna ta ce ko a kan jaki ne a kai ta.

Hanyar Argungu ba laifi, in ban da ramukan da ƙanena, mai tuƙa mu, yake kauce wa kamar ya san su da suna. Shinkafa ta nuna a fadama, har wasu sun fara yanka. A tashar Argungu muka sha kunu da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma. Inna ba ta taɓa komai ba, goro kawai ta sa a saya wa yayarta.

Daga nan mota ba ta shiga ƙauyenmu sai laka ta bushe, don haka muka nemi jirgi mai inji a bakin gulbi. Da mai jirgin ya ji ko mu 'ya'yan wane ne, sai ya durƙusa ya gai da Inna, ya ce Baba ya sha ƙetarar da shi yana ƙarami. Shekara talatin Baba ya yi yana fito da mutane a ruwan nan. Da warin fetur ya gauraya da ƙarnin kifi ya bugi hancina, sai kewar Baba ta kama ni. Duk hutun makaranta a goshin jirginsa na yi shi, da gora a hannu ina auna zurfi.

Wannan tunanin ne ya ja mana. Akwai wata giginya inda gulbin ya rabu biyu, mai jirgi ya karkata hagu. Na ce masa dama ta fi zurfi kuma ta fi kusa, nan Baba yake bi. Ya ce, "Yallaɓai, ruwa ya sake hanya tun tuni." Na dage, wai ni ma ɗan mai jirgi ne. Shi kuma kunyar Inna ta hana shi yi mini musu, ya bi dama. Ba mu yi nisa ba jirgin ya hau yashi ya tsaya cak, injin ya yi gurnani yana kwasar laka kafin ya kai hannu ya kashe shi.

Muka naɗe wanduna muka shiga ruwan da bai wuce gwiwa ba, muka tura. Ƙanena yana turawa yana hararata. Da jirgin ya sauka, mai shi ya ɗaga injin ya duba farfela. Ba ta lanƙwashe ba, sai dai ciyawa da zaren tsohuwar komar kamun kifi da suka nannaɗe ta, ya yanke su da wuƙa. Ya ja igiya, injin ya tashi, muka yi hamdala. Tafiya kaɗan sai ƙarfinsa ya ragu, ya fara wani wari, ya mutu.

Mai jirgi ya zargi mai. Ya matsa robar tiyon mai har ta yi tauri, ya kwance fulogi ya goge ya mayar. Rana ta take, Inna tana zaune a tsakiyar jirgi da mayafi a ka, ledar goro a cinya. Na san in injin ya ƙi, da gora za mu koma Argungu, kuma ban san ko yayar za ta jira mu wani makon ba. Ni na jawo, wannan ne ya fi ci mini rai.

Ya sake ja, injin ya tashi. Sai Inna, wadda ba ta ganin injin sosai, ta ɗaga hannu ta ce, "Kashe shi, ɗana. Wanga inji ba ya hitsari, ƙonewa shikai."

Nan na tuna. Injin jirgi yana zuƙar ruwa ta ƙasa ya sanyaya kansa, sannan ya tsarto shi ta wata 'yar ƙofa a gefe, shi masu jirgi suke kira fitsari. Mu maza uku da idanunmu muna ta neman laifin mai, ita kuwa da kunne ta ji tsartuwar babu. Muka sake ɗaga injin, ga ramukan shan ruwan sun toshe da laka. Da asuwakina muka kankare su. Aka tayar, har yanzu ko ɗigo. Mai jirgi ya ce ko dai yashi ya cushe ƙofar, ko robar famfon ciki ta lalace, in ta biyun ce sai bakanike. Ya gwada zura tsinken ciyawa, ya karye.

Inna ta jawo bakin zanenta ta kwance wani ƙulli. Guntuwar wayar ƙafar keke ce, ta yi baƙi, an lanƙwasa kanta. Ina gani na gane ta, da ita Baba yake buɗe ƙofar fitsarin injinsa in ta toshe. Kullum Baba ya dawo daga gulbi sai ya miƙa mata ita ya ce ta riƙe masa kar ta ɓata, da safe ya karɓa. Ranar da ciwo ya kwantar da shi tana wurinta, kuma ban taɓa sanin ta zo da ita Birnin Kebbi ba.

Mai jirgi ya karɓa ya zura ta a ƙofar a hankali yana juyawa. Laka ta fara fita, sannan ruwa ya tsarto siriri, mai ɗumi. Muka koma ga giginya muka bi hagu, ni kuwa na bar wa mai jirgi hanyarsa har muka isa.

Mun tarar da yayar da ranta, har ta gane muryar Inna tun daga ƙofa. Suka riƙe hannun juna. Goron ma yayar ba ta iya ci, amma ta sa aka ajiye mata ƙarƙashin matashi. Bayan la'asar muka juyo, Inna ba ta waiwaya ba.

Mun shigo Badariya ana kiran magariba. Abin da na koya shi ne gulbin da nake kewa babu shi yanzu, wanda yake kwana a kansa shi ya san hanyarsa, kuma Inna ta fi ni sauraron Baba nesa ba kusa ba. Ina taimaka mata ta sauka daga mota sai ta laluba hannuna ta danƙa mini wayar, ta ce ba ta jin za ta sake hawa gulbi.

"Riƙe mani wagga," ta ce, "kar ta ɓata."