Furen da Aka Sa Don Hoto

Gwaggo Gwaji suke ce mata a benen, daga masu hawan ƙasa har na can sama, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Tela ce. Da safe tana shago tana kafa maɓalli da kalmasa bakin riga, da yamma ta dawo ɗakunanta biyu a hawa na uku ta shiga abin da ya fi mata ɗinki daɗi, wato dafa abin da ba a taɓa dafawa a zuriyarsu ba. Kifi da zuma, shinkafa da abarba, kazar da ta kwana cikin madara. Duk abin da ta gani a waya sai ta gwada, in kayan haɗin ba su cika ba ta cike da abin da ke gabanta.

Gidan ba tsakar gida, ba baranda, sai tagogi, su ta mayar gona. Gwangwanin madara, bokitin fenti, tsohuwar butar shayi da ta huje, kowanne da shukarsa: na'ana'a, albasa mai ganye, barkono, da wani tumatir mai taurin kai da ya shekara yana fure bai ba da ɗa ko ɗaya ba. A bayan ƙofa kuwa akwai babbar tukunyar citta, wadda ta fi kowace shuka ƙiba, Gwaggo tana cewa albarkar hannunta ce.

Dokar gidan ɗaya ce, ba a ci sai an ɗauki hoto. Ta jawo teburin guga bakin taga, ta shimfiɗa ragowar farin yadi, ta ɗora faranti, ta yayyafa ɗanyen ganye a kai, mijinta na riƙe da murfin tukunya yana karkato mata haske. Baban Auta ke nan, tsohon direban babbar mota da ya ajiye aiki, mutum mai haƙuri da tsadar magana. Hoton ta aika wa Auta, 'yarsu da ke aure a wani gari, farantin ta miƙa masa, ita ta ci nata a kicin a tsaye, don ba ta iya zama wanke-wanke na jiranta.

"Baban Auta, ya ka ji shi?"

"Ya yi."

Kullum amsar ke nan, kuma kullum farantin ya dawo tas. A shago har alfahari take yi, wai nata mijin ko ganyen ado ba ya ragewa.

Da maƙwabciyarsu ta hawa na biyu za ta tashi, sai ta bar mata wata shuka mai dogayen ganye da fure ruwan hoda. Ta ja mata kunne ta ce, "Gwaggo, wannan ta kallo ce kawai. Guba ce, ganyen da furen duka. Na faɗa miki ne don na san halinki."

Wata ranar hutu ta dafa kifi da lemon tsami, Baban Auta na barci a ɗaki. Ta duba ta waya, kifi fari, faranti fari, yadi fari, abin ba armashi. Idonta ya faɗa kan furen. Ta tsinko 'yan kaɗan da ƙananan ganyensa, ta jera su cikin na'ana'ar da ke kan kifin, tana cewa a ranta ana gama hoto za ta kwashe. Hoton ya fito, kai, ba ta taɓa ɗaukar irinsa ba. Murna ta sa ta fita bakin matakala inda waya ta fi kamawa don ta aika wa Auta, a nan ta ci karo da wata da ta yi wa ɗinki tana ƙorafin hannun riga ya matse ta. Magana ta ja magana, har ta bi matar ɗakinta don ta ga rigar.

Da ta dawo, farantin na kan teburin guga, tas, ko ganye ɗaya babu. Baban Auta ba ya ɗaki, takalmansa ba sa bakin ƙofa, wayarsa na jikin caji.

Sai ta tuna ba ta kwashe furen ba. Mutumin da ya zaga hanyoyin duniya da babbar mota bai ko ƙuje gwiwa ba, shi ne za ta kashe da hannunta saboda hoto? Ta sauka benen da takalmi wari da wari, tana salati, tana leƙa kowace kwana ko za ta gan shi a yashe.

A shagon mai aski na bakin titi ta same shi, zaune a benci, yana dariya har da buga cinya.

"Tashi! Tashi mu tafi asibiti!"

"Lafiya, Maman Auta? Wa ba shi da lafiya?"

"Kai! Furen nan da ka ci a kan kifi guba ne. Cikinka na murɗa? Kana ganin jiri?"

"Ni ƙalau nake."

"Ba ka ƙalau! Na ga farantin!"

Ta kama hannun rigarsa tana ja, hawaye na zuba, mai aski ya tsaya da almakashi a sama. Baban Auta ya dube ta, ya dubi mai aski, ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro hankici a ƙulle, ya kwance. Ga furen nan, ga ganyensa, ga na'ana'a, duk sun yi yaushi, ba wanda haƙori ya taɓa.

"Ni fa ɗanyen ganye ba ya wuce min maƙogwaro," ya ce a hankali. "Tun ranar farko. Na ga kina jin daɗi ne, shi ya sa ban faɗa ba."

"To ina kake kai su?"

"Tukunyar bayan ƙofa. Nakan tura su cikin ƙasar. Yau na ji motsi a matakala, sai na fito da su."

Ta zauna a bencin. Ta nemi fushin da ya kamata ta yi, ta rasa. Abin da ta ji kawai shi ne numfashinta ya dawo, da wani sanyi da ya ratsa ta har tafin ƙafa. Ta ce alhamdulillahi ya fi a ƙirga. Duk da haka sai da ta tasa shi gaba zuwa asibiti, tunda furen ya taɓa kifin. Aka duba shi, aka ce ba komai, ya koma gida.

A ranar shukar ta bar gidan. Washegari ta dafa shinkafa, ta ɗauki hotonta, ta ajiye masa farantin da ƙaramin kwano a gefe. Kuma ba ta koma kicin ba, ta jawo kujera ta zauna a gabansa da nata abincin.

Ya tsince ganyen ɗaya bayan ɗaya yana sawa a kwanon. Da ya zo kan na ƙarshe sai ya dube ta, ya jefa shi a baki, ya tauna, fuskarsa ta yamutse.

"Ya yi," in ji shi.

"Allah ya shirye ka, Baban Auta," ta ce, tana dariya tana share ido da bakin mayafi. "Tofar, ga kwano nan."