Tsibirin da Teku Ke Buɗe wa Hanya

Me ya hana ni gaya masa? Shekara hamsin da ɗoriya muna zaune tare, babu abin da na ɓoye wa Malam sai ƙarshen tatsuniya guda ɗaya. Na fita takaba, har yau ban sami amsa ba. Ni ban iya rubutu ba. 'Yata ce ke riƙe da biro, in kuka ya ci ƙarfina ta dakata.

Ni da Malam kakarmu ɗaya, a gidanta na Ƙofar Gayan muka tashi. Daddawa take yi. Ranar da aka ɗora kalwa ba a barin wuta ta mutu, don haka da an idar da isha'i sai mu jikoki mu kewaye murhu, tukunya na tafasa, Kaka na tura itace da ƙafa tana ba mu labari. Wanda muka fi so shi ne na tsibiri. Ta ce a bakin kakanmu ta ji, shi da ya yi fataucin goro har bakin teku.

Wai wani bafatake ne ya isa bakin ruwan gishiri, ya hango tsibiri can tsakiya, kore shar, tsuntsaye na shawagi a kansa. Sau biyu a rana teku kan tattara zanenta ta tafi unguwa, ta bar hanyar yashi har can. Wata tsohuwa mai shanya kifi ta ce masa, "Je ka, amma in ka ga ƙaguwa na gudu tana neman tudu, ka bi ta." Ya tafi, ya sha inuwa, ya ci 'ya'yan itacen da bai san sunansu ba. Can ya ga ƙaguwa na gudu. Ya ɗaga kai ya dubi sama, babu ko ɗigon gajimare. Ya ce ruwa ba ya zuwa sai da hadari, ya koma ya zauna.

A nan Kaka kan dakata ta gyara wuta. Malam, a lokacin bai wuce shekara takwas ba, sai ya riƙe gefen zanenta.

"Kaka, kar ki kashe shi!"

"Ji min maigidan nan nawa! Ko goro bai taɓa saya mini ba, sai ba da umarni." Ta yi dariya. "To shi ke nan, sai ga wani ƙaton kunkuru ya goya shi har gaɓa."

Kullum haka. Sai wata rana ƙyanda ta kwantar da Malam a ɗaki, Kaka ta ba da labarin babu shi. Ranar kunkuru bai zo ba. Ta ce ruwan bai taso ta gabansa ba, ta gefe ya zagayo, ya haɗe a bayansa, hanya ta ɓace. Mutumin kuwa abokin tafiyar kakanmu ne, shi kakan namu a gaɓa ya tsaya yana kallo. Ta dube ni, don ta san ni ce mai kai masa rahoto.

"Ke, ki kama bakinki. Zuciyar maigidana ba ta ɗaukar mutuwa."

Na kama bakina. Muka girma, aka yi mana aure. Malam ya zama maɗinkin manyan riguna, yana aiki yana cewa ba zai mutu ba sai ya ga tsibirin Kaka. Ina dariya.

Bara autanmu Isa, da ke aiki a wata ƙasa ta bakin teku, ya aiko muka je. Bayan jirgin sama muka shiga kwalekwale mai inji, rabin yini muna kan ruwa, ina salati Malam na tsokanata. Da muka sauka na manta da tsoro. Yashi fari fat kamar gishiri. Ruwan kusa kore ne, na nesa shuɗi kamar an tsoma shi a marina. Itatuwan kwakwa sun sunkuya kamar masu gaisuwa. Malam ya tsuguna yana kallon ƙananan kifaye, ya ce duk zaren da ya taɓa riƙewa babu mai irin wannan launi.

Rana ta uku da hantsi muka fito, muka tarar ruwa ya janye. Hanyar yashi ta miƙe har wani ɗan tsibiri mai duwatsu da itatuwa. Malam ya tsaya, idonsa ya ciko.

Isa zai je sayo mana kifi. Ya ce, "Baba, don Allah kada ku yi nisa. Mutanen nan sun ce ruwan na dawowa."

"Mu da muka girma muna iyo a kogin Kubanni za ka koya wa ruwa? Dubi sama, garau take."

Isa ya wuce. Na duba ƙasa, ga ƙaguwoyi nan ƙanana suna wuce ƙafata, duk sun nufi tudu. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Malam, rana ta yi zafi." Iyakarta ke nan. Ban sani ba ko amanar Kaka ce ta riƙe harshena, ko kunyar in ce na ɓoye masa abu tun muna yara. Ko kuwa fuskarsa ce, don rabon da in ga irin wannan murna a kanta tun a bakin murhu.

Malam ya kama hanya. Ni gwiwata ba ta tafiya mai nisa, sai na zauna. Ina kallon farar rigarsa tana ƙanƙancewa. Ya wuce rabi sa'ad da na ga wani siririn ruwa na tahowa ta hagu, wani ta dama. Na miƙe ina kira, iska ta mayar mini da muryata. Suka haɗe a bayansa. Ya juyo, ya tsaya, ya sake juyawa. Isa ya zo a guje da masunta, amma kwalekwalensu na kan yashi, sai da suka yi ta jansa kafin ya hau ruwa. Da la'asar suka samo shi. A can aka yi masa sutura, mutanen ƙauyen suka yi sahu a kan baƙon da ba su san sunansa ba.

Na san kwana ne ya ƙare, malamai sun gaya mini, kuma na yarda. Kaka ma ƙauna ce ta sa ta sassauta masa. Amma yanzu na gane wani labarin ba don daɗin kunne aka bar mana shi ba, wanda ka rage wa ɗacinsa ka rage masa maganin. In jikokina sun taru, ina ba su shi yadda ya faru. Suna kuka, ina barinsu su yi.

Kafin ya taka hanyar nan, sai da ya dawo taku biyu, ya cire hularsa ya ɗora mini a cinya.

"Riƙe min, Hajara, kar iska ta ɗauke. Bari in je in gano mana, in dawo in ba ki labari."