Shaton da Babu Ruwa

Duk wanda ya tashi a unguwar New Bell ta Duwala ya san Hajiya Hawa'u mai famfo, ya kuma san ba a cin ta da gardama. A nan aka haife ta. Kakanta ne ya zo daga Kano fatauci, Duwala ta yi masa daɗi ya ƙi komawa. Mijinta direba ne a masana'antun Bassa, da ya rasu sai ta jawo famfo ƙofar gida tana sayar da ruwa, da shi ta riƙe 'ya'yanta har suka zama mutane. In ruwa ya ɗauke ita ake tambaya, amsarta kuwa ɗaya ce: shato ya bushe. Shato dai a bakin mutanen unguwar shi ne dogon tankin simintin nan da ke tara ruwa, Hawa'u ba ta san masa wata ma'ana ba.

Gwiwa ce ta kayar da ita. Autarta Latifa, mai aikin jinya a Faransa, ta ɗauke ta zuwa can aka yi mata aiki. Aiki ya yi kyau, likita ya ce ta taka, Hawa'u ta ce atafau. Sau ɗaya ta zame a banɗaki, tun daga nan tsoro ya ɗaure ta a keken guragu. Latifa kuwa ta rantse ba za ta mayar da ita gida a keke ba, don lungunan New Bell katako ake shimfiɗawa a kan kwata, ba hanyar taya ba ce. Ko dai ta taka, ko ta ƙare kwananta a ƙasar sanyi tana leƙen titi ta taga. Kewar gida na cin ta, amma ƙafa ta ƙi.

Wata Lahadi Latifa ta ce ta shirya, za su je ganin shato.

"Ke Auta," in ji Hawa'u, "na tsallako teku don a nuna min tankin ruwa? Namu na Ndogpassi a Duwala ya ƙare ne?"

Latifa ta yi dariya har da hawaye, ta tura keke zuwa mota.

Gani ya kori ji. Katafaren gini ne na dutse, an kewaye shi da gwalalo cike da ruwa, agwagi na iyo a ciki. Gabansa lambu, an yi wa shuke-shuken aski kamar angwaye, ga wardi ja da fari, ga ruwa na tsartuwa sama daga tsakiyar wani kwarmi. Can baya fili ne kore da manyan itatuwa, bareyi na kiwo ba mai korar su. Latifa ta yi mata bayani cewa da Faransanci irin wannan gini ma shato ake ce masa, gidan sarakunan dā ne, ya shekara ɗaruruwa, doguwar hasumiyar nan mai zagaye kuma a kanta dakaru ke hangen abokan gāba.

Hawa'u ta dubi hasumiyar, ta dubi ruwan da ke tsalle, ta taɓe baki. Ta ce ita ba a yi mata wannan. Ruwa ba ya tashi sama sai ya gangaro daga sama, kuma ba mai hankalin da zai gina abu dogo mai zagaye, ya kira shi shato, ya bar shi fanko. Tankin na can bisa. Latifa ta ce babu, uwar ta ce akwai. Suka yi ta yi har Turawa suka fara waiwaye.

"To Mama, voilà, ga ƙofa. Ki hau ki duba."

Da gatse ta faɗa, amma gatse bai taɓa aiki a kan Hawa'u ba. Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta dafa keke ta miƙe. Matakalar siririya ce mai murɗewa, an sa igiya a jikin bango. Ta kama igiyar tana hawa tana mita, wai yaran yanzu da sun yi boko sai su raina abin da babba ya sani. Latifa na biye da ita, ta buɗe hannuwa, ko numfashin kirki ba ta yi, tana tsoron ta yi magana tsohuwar ta tuna da gwiwarta.

A can sama ba komai sai iska da kashin tantabaru. Hawa'u ta zagaya, ta leƙa kowane saƙo, ba tanki ba bututu. Karon farko a rayuwarta an ci ta da gardama, abin ya yi mata zafi ƙwarai. Ta juyo za ta kawo wata hujjar, sai ta ga Latifa ta rufe fuska tana kuka. Ta leƙa ƙasa. Ga kekenta can a gindin hasumiya, ɗan mitsitsi, ba kowa a kai. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce alhamdu lillahi, ta sake cewa, daɗi ya cika ta.

Ran da ta dawo New Bell, a bakin titi ta sa mai tasi ya tsaya. Ta ratsa lungu, ta taka katako ta haye kwata, mata na guɗa a bayanta. Da aka zauna, maƙwabta suka tambaye ta abin da ta gano a ƙasar Turawa.

"Shatonsu ko ɗigon ruwa babu," in ji ta. "Ni na hau da ƙafata na duba."